Motar Hamidu Mai Ja Hagu

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan shafi. Ni ce Maman Fadila ta Sabon Gari, nan Maraɗi. Ku yi haƙuri da rubutuna, karatuna bai yi nisa ba.

Yau kwana huɗu ke nan abu ɗaya yana cin raina.

Ranar Lahadi babban ɗana ya ɗauke ni a motarsa zuwa Tsibiri, mu dubo ɗakin da za a kai ƙanwarsa Fadila. Ɗan fari ne, kun san yadda abin yake. Ban taɓa kiran sunansa ba, kuma ba na zama gaba kusa da shi. A baya na zauna, daga nan idona ya sauka kan sitiyari. Hanya miƙe take sar, amma sitiyarin a karkace, hannunsa kuma ya riƙe shi tamau har jijiya ta fito. Da ya sassauta don ya ɗauki waya, sai na ji motar ta zame hagu. Ya yi maza ya kamo ta.

Ban ce komai ba. Amma tun ranar hankalina bai kwanta ba. Wani zai ce mi ya haɗa tsohuwa da sitiyari. Bari in ba ku labarin abin da ya faru a layinmu shekara uku da suka wuce, sai ku gane.

Akwai wani direba ana ce mashi Hamidu, katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasu. Yana ɗaukar mutane tsakanin Maraɗi da Tsibiri a wata farar mota ta kansa. Matarsa Tsahara ƙawata ce, ɗiyarsu guda ɗaya, Rahma, lokacin shekararta tara.

Hamidu ba mugu ba ne. Idan yaronki ya kwanta ciwo, ko yana cikin cin abinci zai tashi ya kai ku likita. Amma akwai shi da ji da kai a kan tuƙi. Shekara ashirin da biyu yana bisa hanya bai taɓa taka ko kaza ba, kuma ba a yin zaman shayi bai faɗi haka ba.

Wata rana cikin damina ruwa ya rufe wani rami a hanya, Hamidu ya faɗa da tayar hagu da ƙarfi. Motar ta fito, ba ta mutu ba. Sai dai daga ranar ta fara ja hagu. Idan ya saki sitiyari, sai ta nufi tsakiyar hanya, wajen da motocin da ke zuwa suke bi.

Kusa da tasha akwai wani tsohon mekanisiye, Baba Ezra, Kirista ne na Tsibiri. Kullum da safe yake zuwa bisa tsohon babur ɗinsa, ya buɗe garaj ɗinsa ƙarƙashin itacen bedi. Aikin da aka san shi da shi shi ne saitin tayoyin gaba, abin da direbobi ke kira paralelisim. Ba shi da na'ura. Da zare yake yi. Zai ɗaura zare ya zagaye tayoyin huɗu, ya durƙusa da 'yar rula yana awo gaba da baya, ya kwance noti, ya murɗa ƙarfe kaɗan, ya sake awo. Yakan ci rabin yini a mota ɗaya. Amma motar da ta fito hannunsa, direbobi na cewa ko da yatsa biyu ka tuƙa ta.

Wata safiya Hamidu ya shigo tasha, Baba Ezra na zaune wajen mai shayi tare da direbobi. Tsohon ya bi motar da ido har ta tsaya. Sannan ya tashi, ya durƙusa, ya tura hannu bayan tayar hagu ya shafa ta ciki.

Ya ce, "Hamidu, motarka ta buga rami."

"Wace mota ce ba ta buga rami a garin nan, Baba?"

"Taho ka taɓa nan. Waje kamar sabuwa, ciki ta suɗe. Ƙarfen da ke riƙe tayar ya lanƙwashe. Sai an canza shi, in ɗaura mata zare. Ka bar mani ita yau."

Da a keɓe ya faɗa mashi, wataƙila da ya ji. Amma a gaban direbobi ne, kuma nan take wani ya yi dariya ya ce, "Af, ashe shi ya sa Hamidu ke tafiya kamar mai gaida mutanen hagu!"

Wurin ya ɗauki shewa. Fuskar Hamidu ta canza.

Ya ce, "Baba, zarenka ka kai wa masu ɗinkin hula. Ni hannuna ne paralelisim. Tun kana gyaran keke nake kai mota Damagaram in dawo."

Baba Ezra bai ji haushi ba. Ya goge hannu da tsumma ya ce, "Hannunka ya san ta, na yarda. To duk hannun da zai riƙe ta ya san ta?"

"Ba mai riƙe ta sai ni."

Ya ja motarsa ya tafi.

Bayan wannan maganar, kai motar wurin tsohon ya zama kamar ya ce an fi shi. Sai ya shiga dabaru.

Da farko ya je wurin mai faci na bakin hanyar fita gari, ya sa aka rage wa tayar dama ta gaba iska. Taya mai sanyi tana jan mota wajenta, sai jan da take yi dama ya rage jan hagun. Motar ta ɗan lafa.

Saura karkatar sitiyari, wadda duk wanda ya zauna gaba sai ya tambaya. Wata rana a ƙofar gida na gan shi da idona ya cire sitiyarin gaba ɗaya, ya juya shi, ya mai da shi tsaye. Ya kira Tsahara ya ce, "Dubi, na gyara." Ta ce, "Madalla." Ita ina ta sani? Ni ma ban sani ba sai daga baya. Ciwon yana nan ƙasa, alamar kawai ya ɓoye.

Haka ya yi wata huɗu yana aiki. Da yamma Tsahara na gasa mashi kafaɗa da ruwan zafi, yana cewa sanyi ne.

Sai ƙanwar Tsahara ta haihu a Jiratawa. Aka sa suna ranar wata Alhamis. Tsahara ta soya masa cike da roba biyu, ta ɗinka wa Rahma sabuwar atamfa, ta gayyaci mata biyu na layinmu. Ni ma da ni za a je, baƙi suka zo mani na fasa.

Ana gobe suna ciwon ido ya kama Hamidu, wanda ake ce ma apolo. Da safe idanun sun kumbura sun manne, da ƙyar yake buɗe ɗaya. Ba maganar tuƙi.

Yana da ƙane, Zakariya'u, tela ne, yaro mai natsuwa, wata biyu ke nan da samun permi, wato takardar izinin tuƙi. Tsahara ta aika aka kira shi. Ina tsaye ƙofar gida na ji Hamidu daga zaure yana cewa, "Ga makulli. Kar ka yi gudu. Kar ka bari matan nan su cika ka da surutu." Matan suka yi dariya, ɗaya ta ce, "Makaho ma bai bar ba da umarni ba." Rahma ta leƙo ta tagar mota tana ɗaga mani hannu, ta yi lalle har wuyan hannu.

Maganar hagu bai yi ba. Daga baya da bakinsa ya ce abin ya zo mashi har maƙoshi, sai ya tuna matan na saurare, ya haɗiye. Ya ce a ransa Jiratawa ce, nan da nan.

Ba su daɗe da tafiya ba sai ga ƙarar babur. Baba Ezra ne. Ya ji a tasha an ce Hamidu ba lafiya, ya biyo ya gaishe shi, duk da maganar da Hamidu ya gaya mashi a gaban mutane.

Ya zauna bakin tabarma ya ce, "Sannu Hamidu. Allah ya sawwaƙe." Sai ya waiwaya waje. "Ina motar?"

"Zakariya'u ya kai su Jiratawa suna."

Tsohon ya ce, "Ka gaya mashi?"

Hamidu ya kau da kai.

"Hamidu. Ka gaya ma yaron nan tana ja?"

"Na rage ma ta dama iska, Baba. Ba ta ja sosai yanzu."

"Da mutum nawa a ciki?"

"Shi, da mata uku, da Rahma. Da kaya a baya."

"Kira shi."

Ina daga tsakar gidanmu na ji Hamidu yana ƙwala mani kira ta katanga. "Maman Fadila! Zo ki duba mani lamba, ba na gani!" Na fito da gudu ba ko takalmi. Na kira Zakariya'u, tana shiga ba a ɗauka. Shi ba ya taɓa waya yana tuƙi, haka aka koya mashi. Na kira Tsahara, sai muka ji wayar tana kuka cikin ɗaki, ta bar ta a caji. Sauran matan biyu, ɗaya ba ta da waya, ɗayar a kashe.

Baba Ezra ya miƙe ya ce, "Hau."

Hamidu ya hau bayansa da rigar barci, ido ɗaya a rufe, ɗayan yana zubar da ruwa. Na tsaya ina kallonsu har suka sha kwana. Na zauna nan bisa dakali ina salati.

Abin da ya biyo baya, daga bakinsu na ji.

Babur ɗin tsohon ba ya gudu. Ga masu kabu-kabu sun cika gari, ga amalanke, ga 'yan lakwal, yaran makaranta, na tsallaka hanya. Hamidu na bayansa yana ta cewa, "Baba ƙara wuta." Shi kuma yana cewa, "Iyakarta ke nan."

Da suka iso bakin gari, mai facin nan ya hango su ya ɗaga hannu yana murmushi.

"Hamidu! Yanzu ƙanenka ya wuce. Yaron kirki, wallahi. Ya tsaya ya zagaye motar, ya ga ta dama ta yi sanyi, ya ce in cika ta daidai da 'yar uwarta. Na cika mashi tam."

Hamidu ya ce a nan ya gane abin da ya faru. Dabarar da yake riƙe da motar, hankalin ƙanensa ya warware ta. Yanzu ba abin da ke tare jan hagun. Sitiyarin kuma tsaye yake kyam, ba abin da zai nuna ma yaron akwai matsala.

Baba Ezra ya ce, "Tun yaushe?"

"Bai fi shan shayi ɗaya ba. Lafiya dai?"

Baba Ezra ya ba babur wuta.

Suka hau kwalta. Hanyar nan kun san ta, manyan motocin kaya, kamiyo, ne ke tahowa daga wajen iyaka, cike da kaya har sama. Duk wadda ta wuce su, iskarta sai ta kaɗa babur. Hamidu ba ya ganin komai sai haske da inuwa. Iska na dukan idon, hawaye da ruwan ciwo sun haɗu. Duk kamiyon da ya ji ƙararta, sai ya ce a ransa wannan ta wuce su lafiya, tunda ba ta tsaya ba.

Sai kamiyon suka daina zuwa.

Shi direba ne, ya san ma'anar hanya ta yi tsit ta gefe ɗaya. Ya damƙi kafaɗar tsohon.

"Baba, mi ya sa ba mota?"

Tsohon ya ci gaba da tuƙi.

"Baba, mi ka gani?"

"Mutane na gani."

"Suna mi?"

"Sun taru."

"Motar fa? Fara ce? Baba, don Allah, fara ce?"

Baba Ezra ya rage wuta ya ce, "Riƙe ni da kyau, Hamidu. Kar ka dira sai na tsaya."

Bai jira ba. Ya dira, ya faɗi, ya tashi. Abu na farko da ƙafarsa ta taka mai laushi ne, ya sunkuya ya shafa. Masa ce. Ta watse bisa kwalta har tsallake.

Ga yadda abin ya faru. Tun da suka bar wurin mai faci Zakariya'u ya ji motar na ja, ya ɗauka nauyin kaya ne ko rashin sabonsa, ya riƙe da hannu biyu yana tafiya a hankali. Sun kusa Jiratawa sai amalanken shanu ya fito daga gona ya hau hanya. Zakariya'u ya taka birki, ya ɗauke hannu ɗaya don ya canza giya. Shi ke nan. Motar ta yi tsalle hagu, tayar nan da ta suɗe ta ciki ta fashe, ga kamiyo tafe. Direban kamiyon ya kauce iyakar ƙoƙarinsa, amma ya ɗebi bayan motar, wajen da Rahma ke zaune. Suka juya suka faɗa kwarin gefen hanya.

Hamidu yana ture mutane yana kira, "Tsahara! Rahma!" Ya ji muryar Tsahara tana kuka, ya bi muryar. Tana zaune ƙasa, goshi ya tsage, jini ya rufe mata fuska. Sauran matan biyu sun kuje amma suna tsaye.

"Ina Rahma?"

Tsahara ta kasa magana, hannu kawai take nunawa, shi kuma ba ya ganin inda take nunawa. Ya riƙa juyawa yana lalube kamar mai neman ƙofa cikin duhu. Baba Ezra ne ya kama hannunsa ya kai shi ƙarƙashin wani itace, inda aka shimfiɗa ta bisa zanen wata mata.

"Tana numfashi?"

"Tana yi. Kar ka ɗaga ta. Ƙafar ce."

Ya durƙusa ya sa kunne a ƙirjinta. Yarinyar ta buɗe baki a hankali ta ce, "Baba, atamfata ta yage."

Can gefe kuma mutane sun zagaye Zakariya'u. Shi ko ƙwarzane bai yi ba, kuma wannan ya ƙara masu haushi. Direban kamiyon yana rantsuwa yana cewa, "Hannuna ya shigo! Kowa ya gani, hannuna ya shigo!" Wani ya ce a duba permi ɗinsa. Da aka ga wata biyu ne, sai wani dattijo ya ce, "Ku ne masu kashe mutane. Jiya-jiya ka bar keken ɗinki, yau ka ɗauki rayuka." Wani ya kai mashi mari. Yaron bai kare ba, cewa kawai yake, "Wallahi ban juya ba. Ita ta tafi. Wallahi ban juya ba."

Hamidu na jin duk wannan. Bai ce uffan ba.

Jandarma suka zo, aka kwashi masu rauni zuwa likita a Maraɗi. Ƙashin cinyar Rahma ya karye wuri biyu, kusa da ƙugu. Likitoci suka ce sai an yi aiki, kuma ba su yi alkawarin za ta taka kamar da ba.

Na je dubiya washegari. Na tarar da Zakariya'u zaune ƙasa bakin ƙofar ɗakin, an ce tun jiya bai ci ba bai sha ba. Tsahara ta hana shi shiga. Dangi na wucewa ta gabansa ba mai ce mashi sannu. Uwarsu ma, tsohuwa, ta ce, "Wanga yaro ya ja mamu abin faɗi." Hamidu na daga ciki da baƙin tabarau, kansa ƙasa.

Kwana na uku Baba Ezra ya zo da 'yar ledar ayaba. Ya gaida kowa, ya kira Hamidu waje. Ina kusa, ina wanke kwano a famfo, na ji su.

Ya ce, "An jawo motar, tana garaj ɗina. Na ciro tayar. Waya ta fito ta ciki, kamar tsintsiya."

Hamidu ya ce, "Ka nuna ma wani?"

"A'a. Ba ni zan faɗa ba. Amma yaron can ya ba ni permi ɗinsa ɗazu, ya ce in ƙona. Ya ce gobe zai bi mota arewa, ba zai ƙara zama garin da ya nakasa ɗiyar wansa ba. Ka ga motarka, in an sa sabon ƙarfe zan iya ɗaura mata zare. Wancan kuwa ba ni da zarensa."

Ya sa mashi permi ɗin a hannu ya tafi.

Hamidu ya daɗe tsaye. Sannan ya shiga ɗakin, ya cire tabarau, ya ce a kira Zakariya'u. Tsahara ta ce ba zai shigo ba. Ya ce, "Zai shigo. Ni ne ya kamata in fita."

A gaban uwarsa da matarsa da mu 'yan dubiya ya faɗi komai. Ramin, da maganar Baba Ezra, da iskar taya, da sitiyarin da ya juya. Ya ce, "Na san tana ja. Na ba shi makulli ban gaya mashi ba, don kar a ce motar Hamidu na da aibi."

Tsahara ta dube shi ta ce, "Ranar da ka ce mani ka gyara?"

Ya ce, "Ranar."

Ba ta yi ihu ba. Ta juya ta gyara ma Rahma zane, ba ta ƙara kallonsa ba har muka fito. Zakariya'u kuwa ya jingina da bango ya zame ƙasa, ya rufe fuska yana kuka kamar ƙaramin yaro. Abin da ya ce kawai, "Yaya, kwana uku. Kana ji ana zagina kwana uku."

Washegari Hamidu ya je wurin jandarma ya sake faɗa. Ya je tasha wajen mai shayi, gaban direbobin nan da suka yi dariya, ya sake faɗa. Ba wanda ya yi dariya ranar. An ce satin nan motoci sun yi layi ƙarƙashin bedin Baba Ezra.

Rahma ta yi sati bakwai a likita. Ta tashi, alhamdu lillahi, amma ƙafar ta gajarce. Kullum da safe tana wucewa ta ƙofarmu za ta lakwal, tana ɗingishi, jakar na kaɗawa gefe ɗaya. Ubanta yakan tsaya bakin zaure yana kallonta har ta sha kwana. Ya bar tuƙi, yanzu hatsi yake aunawa a kasuwa. Zakariya'u bai tafi arewa ba, amma bai ƙara zama bayan sitiyari ba, kuma gaisuwar sallah kaɗai ke kai shi gidan wansa.

Darasi: Aibin da ka saba da shi bai gyaru ba, kai ne kawai ka iya zama da shi, kuma wanda zai karɓa daga hannunka bai iya ba. In an nuna maka gyara, kar ka duba gaban wa aka faɗa, duba ko gaskiya ne. In motarka na ja gefe, ko sitiyari ya karkace, ko taya na cinyewa ta ciki, kai ta a yi mata saiti, kuma kar ka miƙa ma kowa makulli ba ka gaya mashi halinta ba. Don Allah ku tura ma duk direban da kuka sani, da duk mai ɗan uwa direba.

To ni yanzu ga inda nake.

Jibi Asabar za a kai kayan ɗakin Fadila Tsibiri a yi jere. Motar yayanta ce za ta ɗauki ƙannena mata biyu da ƙawayen amarya. Shi ba zai samu zuwa ba, ya ce wani abokinsa zai tuƙa.

Na aiki Fadila ta gaya mashi. Ta dawo ta ce ya yi dariya, ya ce, "Ki ce ma Inna ta bar mota ga masu mota, ni na san kayana." Da na ji kalmar nan sai na tuna Hamidu.

Ubansu ya rasu. Yayata da ta goye shi, wadda ita ce bakina a wurinsa duk shekarun nan, ita ma bara ta rasu. Shekararsa talatin da ɗaya, ban taɓa tsayar da shi na dubi idonsa na ce yi kaza ko bar kaza ba. Ban san ma ta inda ake farawa ba. Jiya ya shigo gaishe ni, na buɗe baki, sai na ji kaina ina tambayarsa ko ya ci abinci.

Na yi tunanin in je wurin Baba Ezra in roƙe shi ya yi mashi magana. Sai na ji tsoro kar ya ga na kai ƙararsa waje, ya ƙara taurin kai kamar yadda Hamidu ya yi. Na yi tunanin in ɓoye makullin ranar Asabar, in ce ban gani ba. To Lahadi fa? Na yi tunanin in hana 'yan uwana shiga, in sa su bi ta tasha. To abokin nasa da zai ɗauki kayan, shi ba ɗan wata ba ne?

Iyaye mata na wannan shafi, musamman masu ɗan fari namiji, ku gaya mani. In aje kunyar nan in kira shi da sunansa, in ce motar ba za ta fita ba sai an ɗaura mata zare? In ya ƙi ji fa, bayan na zubar da abin da na riƙe shekara talatin da ɗaya? Kwana biyu suka rage mani. Mi zan yi?